Babi na Bakwai: Kwalbar Khal a Ɗakin Gwaji

A watan Janairun 2006 aka fara wani aiki a ƙananan asibitocin gwamnati na unguwannin Lusaka, babban birnin Zambiya. Duk wanda ya leƙa ɗakin da ake yin aikin zai ɗauka ba a gama kawo kaya ba. Gadon gwaji ne, sai fitila, sai auduga, sai ƙarfen nan da ake buɗe gaban mace da shi don a ga bakin mahaifa. A gefe ga kyamarar ɗaukar hoto, ga tukunyar gas, ga kuma kwalbar ruwan khal, irin wanda ake zubawa a kwaɗon latas. Babu likita a ɗakin. Nas ce ke duba mace, ita ke faɗin abin da ta gani, kuma in abin bai fi ƙarfinta ba ita ke yin maganin nan take, tun matar ba ta sauko daga gado ba.

Likitoci biyu ne suka tsaya tsayin daka har aikin ya kafu: Groesbeck Parham, ƙwararren likitan sankarar mata da ya zo daga Amurka, da Mulindi Mwanahamuntu, likitan mata ɗan ƙasar. Abin da suke gani kullum ne ya hana su barci. Tun 2004 magungunan rage kaifin cutar ƙanjamau suka fara samuwa kyauta a Lusaka, da tallafin shirin PEPFAR na gwamnatin Amurka. Matan da aka riga aka fid da rai da su suka miƙe, suka yi ƙiba, suka koma kasuwa. Ana cikin murna sai ga wasunsu suna dawowa asibiti da zubar jini da wani ruwa mai wari, a duba a tarar sankarar bakin mahaifa ta riga ta yi nisa. An gudu ba a tsira ba. Mace mai ɗauke da ƙwayar HIV ta ninka sauran mata sau shida a haɗarin kamuwa da wannan sankara, kuma Zambiya na cikin ƙasashen da cututtukan biyu suka fi yi wa katutu.

Sankarar bakin mahaifa tana da halaye biyu da ba kowace sankara ke da su ba: an san mai haddasa ta, kuma ba ta da gaggawa. Wani masanin kimiyya Bajamushe, Harald zur Hausen, shi da abokan aikinsa suka gano nau'o'i biyu na ƙwayar cutar HPV a cikin tsokar masu wannan sankara, na 16 a 1983, na 18 a 1984, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2008. Waɗannan biyun kaɗai ke jawo kusan kashi 70 cikin ɗari na cutar. Ta hanyar saduwa ake ɗaukar ƙwayar, kuma ta yaɗu ƙwarai, har ana cewa kusan duk wanda ya taɓa saduwa zai gamu da ita wata rana. Saboda haka samunta a jikin mace ba shaidar komai ba ne game da tarbiyyarta. Matar da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta tana iya ɗauka. Mafi yawan lokaci jiki ke korar ƙwayar da kansa cikin shekara ɗaya zuwa biyu, mai ita ba ta ma san an yi ba. A jikin wasu ƙalilan ne take zaunawa daram, ta riƙa sauya ƙwayoyin halittar fatar bakin mahaifa a hankali. Daga nan zuwa sankara akan ɗauki shekara 15 zuwa 20, ko 5 zuwa 10 ga wadda garkuwar jikinta ta yi rauni. Duk tsawon wannan lokaci babu ciwo, babu jini, babu zazzaɓi. Kamar gara ce a cikin azara: ɗaki na tsaye, ana shiga ana fita, sai ranar da rufi ya rufto.

Waɗannan shekaru na shiru su ne damar likita. Tabon da bai kai ga zama sankara ba a saman fata yake, kuma kashe shi aikin 'yan mintoci ne. Duk da haka, ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna a 2022 mata kusan 660,000 suka kamu, kusan 350,000 suka rasu, kuma kashi 94 cikin ɗari na mamatan a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke.

Ƙasashe masu arziki sun karya lagon cutar ne da gwajin da George Papanicolaou, Bagirke mai aiki a birnin New York, ya yaɗa bayan littafin da ya fitar a 1943. Ana ɗan kankaro ƙwayoyin halitta daga bakin mahaifa, a shafa a kan gilashi, a rina, sannan ƙwararre ya duba su da madubin likita. Gwaji ne mai kyau, kuma ya yi aiki a Finland da Ingila da Amurka. Amma a lissafa abin da yake nema. Yana son gilashi da sinadarin rini, da motar da za ta kai samfur ɗakin gwaje-gwaje, da ƙwararren da zai karanta, da hanyar da sakamako zai koma ga mai shi. In an ga abin tuhuma, sai matar ta sake zuwa a yanki ɗan nama, ta sake jiran sakamako, sannan ta sake zuwa magani. Zuwa uku ke nan ko huɗu. Ga matar ƙauye, kowane "ki dawo bayan sati biyu" yana nufin kuɗin mota, da asarar yinin gona ko na kasuwa, da neman wanda zai zauna da yara, da sake neman izinin maigida, duk a kan ciwon da ita ba ta ji a jikinta. A kowane zuwa wasu na zubewa, har a wayi gari waɗanda suka kai ga magani ba su taka kara sun karya ba. Ƙasashe da dama sun shafe shekaru suna zuba kuɗi a wannan gwaji ba tare da mutuwar mata ta ragu ba, kuma laifin ba na madubi ba ne. Tazarar da ke tsakanin gani da yin magani ce ta cinye aikin.

A nan khal ya shigo. Likitocin mata sun daɗe suna shafa shi a bakin mahaifa kafin su duba da na'urarsu mai ƙara girman abu, domin tsaminsa na sa wurin da ƙwayoyin halitta suka lalace ya yi fari, lafiyayyen wuri kuma ya ci gaba da zama ja-ja. Tambayar da aka yi ita ce: in an ajiye na'urar, ido kaɗai da fitila mai haske za su iya? Ruwan khal mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari ake shafawa, a jira minti ɗaya, a duba. A 1999 mujallar Lancet ta buga sakamakon wani bincike da aka yi a Zimbabuwe kan mata sama da 10,000, inda nas-nas da ungozomomi suka yi duban. Idonsu ya kama kusan kashi uku cikin huɗu na munanan tabo, alhali gwajin gilashi, a hannun ɗakunan gwajin wurin, bai kama ko rabi ba. Sai dai ido na da nasa aibin: yakan ga fari a inda babu cuta.

Wannan aibi ya jawo gardama mai zafi. Tarbiyyar likita ita ce kada ya taɓa nama sai ɗakin gwaji ya tabbatar masa da cuta, don haka da yawa suka ga yi wa mace magani a kan abin da idon nas ya gani ganganci ne. Amsa ta zo daga Khayelitsha, wata unguwar talakawa a gefen birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, inda Farfesa Lynette Denny da abokan aikinta suka ɗauki mata 6,555 masu shekara 35 zuwa 65 suka kasa su gida uku. Kaso ɗaya aka yi wa duk wadda gwajin HPV ya kama magani, kaso na biyu duk wadda khal ya kama, kaso na uku kuma aka jinkirta. Bayan wata shida aka duba kowa da kyau. Munanan tabo sun kasance a jikin kashi 3.55 cikin ɗari na waɗanda aka jinkirta wa, kashi 2.23 a ɓangaren khal, kashi 0.80 kacal a ɓangaren gwajin HPV. Illar maganin kuwa ba ta kai abin tayar da hankali ba. An buga wannan a 2005. Tun kafin nan, a lardin Roi Et na ƙasar Tailan, nas-nas sun nuna ana iya haɗa duba da magani a zuwa ɗaya, kuma mata sun karɓa hannu bibbiyu.

Maganin da ake yi a lokacin na sanyi ne. Ana ɗora kan wani ƙarfe a kan tabon, a saki gas daga tukunya, ƙarfen ya yi sanyin da zai daskarar da naman. Minti uku ana daskarewa, a saki minti biyar ya narke, a sake minti uku. Ba a buƙatar allurar kashe zafi, ba a buƙatar wutar lantarki. Mataccen naman ya zube a hankali, sabo ya tsiro.

Abin da mutanen Lusaka suka ƙara a kan wannan shi ne kyamara, kuma dabara ce da ta jefi tsuntsu fiye da ɗaya. Nas takan ɗauki hoton bakin mahaifa bayan ta shafa khal, ta buɗe shi babba a kan allo, ta ga abin da ido zai iya tsallakewa. Sannan ta juya allon ta nuna wa matar. Mace da ba ta taɓa ganin wannan sashe na jikinta ba, sai ga shi a gabanta, ga farin tabon ana nuna mata da yatsa. Ba sai an yi dogon lallashi ba kafin ta yarda a yi magani. In hoton ya rikita nas, sai ta tura wa likita ta intanet ya ba ta shawara. Kowane mako kuma nas-nas da likitoci na zama su bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, a ga inda aka yi daidai da inda aka kauce. Wannan zama shi ne ƙashin bayan shirin, domin duban khal hannu ne da ido, kuma idon da ba a gyara masa yakan dushe. Tabon da ya yi faɗi da yawa, ko ya shige cikin ƙofar mahaifa inda ƙarfe ba ya kaiwa, akan tura mai shi Asibitin Koyarwa na Jami'a, a yanke shi da wata siririyar waya mai aiki da lantarki.

Ko da yake kuɗin yaƙi da ƙanjamau ne ya kafa ɗakunan, an buɗe ƙofarsu ga kowace mace. Da an ce na masu HIV ne kaɗai, da shiga ɗakin ya zama tallar sirri, kuma da yawa sun gwammace su zauna gida. Masu shirin sun kuma nemi haɗin kan alangizi, wato dattijan matan da a al'adar Zambiya ke zaunar da budurwa su koya mata zaman aure. Su ne al'umma ta yarda su yi maganar abin da ke ƙarƙashin zani ba tare da an ce sun yi rashin kunya ba, sai aka sa batun gwaji cikin huɗubarsu. Zuwa 2013 an duba mata sama da 100,000, daga baya kuma Ma'aikatar Lafiya ta karɓi ragamar aikin ta kai shi sauran larduna.

Shin duk wannan na hana mutuwa, ko tabo kawai yake ragewa? Indiya ce ta amsa, da manyan bincike uku. A gundumar Dindigul ta jihar Tamil Nadu, duban khal ya rage kamuwa da sankarar da kashi 25 cikin ɗari, mutuwa kuma da kashi 35, kamar yadda aka buga a 2007. A unguwannin marasa galihu na Mumbai, asibitin Tata Memorial ya koyar da matan da iyakar karatunsu aji goma na makaranta, suka riƙa duban khal a wani bincike da ya ƙunshi mata kusan 150,000. Bayan shekara 12 mutuwa ta ragu da kashi 31. Na ukun shi ya sauya alƙibla. A gundumar Osmanabad ta jihar Maharashtra, Rengaswamy Sankaranarayanan da tawagarsa suka bi mata 131,746, aka kasa su rukuni-rukuni, aka yi wa kowane rukuni nasa irin gwajin sau ɗaya tak, ban da rukuni ɗaya da ba a gayyata ba. A rukunin gwajin HPV mata 34 suka mutu da sankarar, a rukunin da ba a gayyata gwaji ba kuwa 64. Khal da gilashi, a wannan binciken da aka buga a 2009, ba su nuna wani bambancin a zo a gani ba. (An yi ta sukar waɗannan bincike daga baya, kuma sukar na da tushe: dubban mata aka bari ba gwaji shekara da shekaru don a samu abin kwatance.)

Khal ke nan yana aiki inda horo da sa ido suka yi ƙarfi, ya gaza inda suka yi sanyi. Yana kuma rage amfani ga matar da ta daina al'ada, domin wurin da tabon ke fitowa yakan janye ciki inda ido ba ya kaiwa. Shi ya sa a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gwajin HPV ya zama na farko: daga shekara 30, a maimaita bayan shekara 5 zuwa 10, ga masu HIV kuma daga shekara 25, bayan shekara 3 zuwa 5. Gwajin yana da wata falala da ta dace da duk inda kunya ke da ƙarfi. Mace na iya shiga bayan labule ita kaɗai da ɗan tsinke mai auduga a kai, ta ɗebo samfurin da kanta, ba wanda ya buɗe ta. Na'urar GeneXpert, wadda ƙasashen Afirka suka riga suka tanada domin gwajin tarin fuka, tana iya fitar da sakamakon cikin kusan awa ɗaya.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Gwajin HPV ya fi kwalbar khal tsada nesa ba kusa ba, kuma inda babu na'ura a kusa sai an tara samfura an kai birni, sakamako ya yi makonni a hanya, a koma gidan jiya na neman matar da ta riga ta tafi. Shirin da ya sayi gwaji mafi inganci amma ya kasa maido da sakamako ga mai shi bai fi na gilashin da ya maye gurbinsa ba. Khal ma bai yi ritaya ba: duk wadda gwajin HPV ya kama, sai an shafa mata shi a ga ko tabonta na ƙonawa ne ko na yankewa.

Tukunyar gas ita ma ta ba da wahala. Tana da nauyi, ba ta hawa babur cikin sauƙi, cika ta sai an je babban gari, wani lokaci kuma bututun ya toshe ana tsakiyar aiki. Nas ta ga tabo ƙuru-ƙuru, gas ya ƙare, dole ta ce a dawo. Mafita ta fito daga wata tsohuwar na'ura da likitan Jamus Kurt Semm ya ƙera a 1966, wadda likitocin Dundee a Sikotilan suka daɗe suna amfani da ita ba tare da duniya ta kula ba. Maimakon sanyi, zafi take amfani da shi: kan ƙarfen ya kai ma'aunin zafi 100, a ɗora a kan tabon daƙiƙa 20 zuwa 30. Asibitin Nkhoma da ke karkarar Malawi ya gwada ta da taimakon 'yan Sikotilan, ya nuna ana iya yi wa mafi yawan mata magani a ranar da aka duba su. Kamfanoni suka ƙera ƙanana masu batir da ke shiga jakar hannu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da hanyar a 2019, wani gwaji kuma da aka yi a Lusaka ya nuna warkarwarta ba ta gaza ta sanyi ba.

Akwai abin da ba na'urar da ke warwarewa. Bayan magani mace takan ga ruwa-ruwa yana fita na 'yan makonni, kuma ana so ta ƙaurace wa shimfiɗar miji na kusan wata guda har wurin ya warke. Wannan sharaɗi kan sa wasu su ce sai sun je sun yi shawara da maigida, kuma ba duka ke komowa ba. Shirin da ya yi wa mata bayani ya manta da maza ya bar ƙofa a buɗe.

Duk inda aka fara gwaji kuma, sai an ci karo da matan da lokaci ya riga ya ƙure musu, masu ganin jini bayan saduwa, ko jini bayan sun daina al'ada, waɗanda suka daɗe suna shan maganin ciwon sanyi. Su ba khal ko ƙarfe mai zafi suke buƙata ba, tiyata ce ko gashi. Zambiya ta buɗe asibitin cutar daji mai na'urar gashi a Lusaka a 2007. Jamhuriyar Nijar ba ta samu irin wannan cibiya ba sai a 2021, a Yamai.

Ranar 17 ga Nuwamban 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da cutar, da alƙaluma uku da ake son cimmawa zuwa 2030: a yi wa kashi 90 cikin ɗari na 'yan mata rigakafi kafin shekara 15, a gwada kashi 70 na mata a shekara 35 a sake a 45, a kuma yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da cuta magani. Na farkon ya fi saurin tafiya, don allura ce da ake iya yi a harabar makaranta. Ruwanda ta fara tun 2011, ta kai ga sama da kashi 90 na 'yan matan da ta nufa a shekarar farko. Najeriya, inda aka ƙiyasta mata kusan 12,000 sun kamu kuma kusan 8,000 sun rasu a 2020, ta sa allurar cikin jerin rigakafinta a watan Oktoban 2023, allura ɗaya ga 'yan shekara 9 zuwa 14, kuma Kano da Jigawa da Bauchi na cikin jihohin zagayen farko. Ta fuskar gwaji da magani kuwa, Kaduna na cikin jihohi uku, tare da Legas da Ribas, da aka fara shigar da gwajin HPV da ƙaramar na'urar zafi asibitocin gwamnati da tallafin ƙungiyar Unitaid.

Allurar ba ta korar ƙwayar da ta riga ta zauna a jiki. Yarinyar da aka yi wa tana da shekara 14 a 2023 sai 2039 za ta kai shekarun fara gwaji, mai shekara 9 kuma sai 2044. Kafin nan, kusan duk matan da cutar za ta kama a Kano ko Maraɗi ko Lusaka sun riga sun wuce shekarun allura, su ne iyaye da yayye da gwaggwannin waɗannan yara, kuma alƙaluma biyu na ƙarshe, 70 da 90, a kansu suke magana.